Darasin Harshe: Gaisuwa da Faɗin Suna da Fulatanci, da Ɗan Faransancin Ofis



Mu da muke aikin tafinta a ofishin kariya, in aka cire maganar kati da ta rabon abinci, babu tambayar da aka fi yi mana kamar "yaya ake cewa kaza da yaren garin nan?" Shi ya sa muka nemi fili a wannan fitowa. Za mu fara da gaisuwa da faɗin suna. Sai dai tun yanzu ku riƙe abu ɗaya: gaisuwar da ake yi wa maƙwabci daban, amsar da ake ba mai rajista ko ma'aikaciyar asibiti daban. Kalma guda takan yi wa mutum rana a ƙofar gida, ta jawo masa asara a ofis. Rabin darasin nan a kan wannan yake.

Me ya sa Fulatanci?

Banyo ita ce hedkwatar Mayo-Banyo a yankin Adamawa na Kamaru, sashen da ya haɗa da Bankim da Mayo-Darle. Ƙasa ce mai harsuna da yawa: akwai Bute, da Wawa, da Kwanja, da Mambila, da Tikar can wajen Bankim. Amma idan masu harsuna biyu suka haɗu a kasuwar Banyo, galibi da Fulatanci suke ciniki. Asalin haka tun ƙarni na 19 ne, lokacin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usman Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, garuruwa irin su Garwa da Ngaundere da Tibati da Banyo suka zama masarautu a cikin daular Fombina. Iyakar da yawancinku kuka tsallako, daga baya Turawa suka shata ta. Don haka abin da kuka koya a nan zai yi muku aiki a Ngaundere da Garwa da Marwa, da kasuwannin da ke kewaye da sansanin Minawao kusa da Mokolo. Ranar da Allah ya sa aka koma gida kuma, zai yi aiki a Gembu da Jalingo da Yola da Mubi.

Wani zai ce ai ana jin Hausa a Banyo. Gaskiya ne, fataken goro sun daɗe suna bin wannan hanya, zuriyarsu kuma suna nan. A cikin kasuwa da wuya a rasa mai jin Hausa. Amma tsohuwar da ta ba ku aron ɗaki a ƙauye, da mai gonar da kuke so ya yankar muku gefe, da matar da ke gabanku a layin famfo, ba lalle su ji ba. Ko sun ji ma, baƙon da ya gaishe su da harshensu ba ɗaya yake da wanda bai gwada ba.

Mai karanta Hausar boko ba zai sha wahalar karanta misalanmu ba. A taron Bamako na 1966 aka daidaita rubutun Hausa da na Fulatanci a zama ɗaya, shi ya sa ɓ da ɗ suna nan yadda kuka san su. Wasali mai tsawo ana rubuta shi sau biyu, kamar "saare", wato gida. Wasu kalmomi suna farawa da mb, nd, ng ko nj, kamar "ndiyam", ruwa. Bakin Bahaushe yakan so ya ce "indiyam", kuma za a gane shi, amma gara a fara sautin daga hanci ba tare da i ba. Sannan Fulatanci ba shi da z da ts da ƙ. Inda Hausa ke da z sukan sa j: zaure ya zama "jawleeru", Zainabu ta zama Jeynabu. Ku ajiye wannan, za mu dawo kansa a maganar rubuta suna.

Gaisuwa

"Salaamu aleykum" da "sannu" duka suna aiki a nan kamar a gida. Bayansu, ginshiƙin gaisuwa kalma ɗaya ce, "jam", wato lafiya. Ƙaramar kalmar "na" da ke zuwa a ƙarshe alamar tambaya ce.

Jam na? Lafiya?
A waali jam na? Ka kwana lafiya?
A nyalli jam na? Ka wuni lafiya?
A hirti jam na? Gaisuwar maraice da dare.
Jam ɓanndu na? Jiki lafiya?

Amsar duka ita ce "jam", ko "jam koo ɗume", wanda ya yi daidai da lafiya lau. Daga nan sai a shiga tambayoyi da "noy", wato yaya. "Noy saare?" yaya gida. "Noy ɓikkon?" yaya yara, ko da yake mutanen wajen Yola sukan ce "ɓikkoy". "Noy kuugal?" yaya aiki. "Noy comri?" yaya gajiya, a amsa da "comri walaa", ba gajiya. Akwai kuma "noy peewol?", yaya sanyi. Waɗanda suka zo daga Borno ko Mubi sun riga sun san dalilin da ya sa ake yawan jin wannan a Banyo da asuba. Mutanen Mambila kuwa dariya suke yi mana, su ce wannan ai ba sanyi ba ne.

Idan kun isa wuri aka ce muku "jaɓɓaama", maraba ake yi muku. Godiya "useko" ce, ko "mi yetti". Roƙo, wato don Allah, "useni". Ku kula da waɗannan biyun don sun yi kama: useko bayan an ba ka, useni kafin a ba ka. Yi haƙuri kuma "waɗu munyal". Sallama tana da sauƙi don "sey" ɗin nan "sai" ɗinmu ce: "sey yeeso", sai gaba, "sey janngo", sai gobe, "sey fajira", sai da safe.

Yanzu ga wurin da ladabi yake. "A" na nufin ka ko kin, ana yi wa sa'a ko yaro. Babba kuwa da "on" ake yi masa magana, wato kun, kamar yadda muke ce wa dattijo "kun tashi lafiya?" Saboda haka ga mai gidan da kuke haya, ko surukar maƙwabcinku, ba "a waali jam na?" za ku ce ba, sai "on mbaali jam na?" W ɗin ya koma mb saboda jam'i. A cikin gari za ku ji da yawa suna cewa "on waali", ba su damu da canjin ba, kuma ba wanda zai kama ku da laifi a kan haka. Wanda ake lura da shi shi ne a ce wa dattijo "a".

Fulatanci ba ya raba namiji da mace a irin waɗannan kalmomi. "A" ita ce ka, ita ce kin. "O" ita ce ya, ita ce ta. Don haka idan mutumin nan ya juya zuwa Hausa ya ce wa magidanci "kin zo?", ba raini ba ne, harshensa ne ba shi da wannan rabon. Mun sha raba rigimar da ba ta da wani tushe sai wannan.

Gaisuwar nan doguwa ce, kuma sau da yawa mutum biyu suna tambaya suna amsawa a lokaci guda, da murya ƙasa ƙasa, ba tare da kallon ido ba. Kada ku ɗauka mutum bai damu da ku ba don ya kawar da kai, girmamawa ce. A durƙusa wa babba, a cire takalmi a bakin zaure, namiji ya tsaya nan ya yi sallama har a amsa. Kada a faɗi abin da ya kawo mutum sai gaisuwa ta lafa.

Yadda ake kiran mutane

Babban mutum ba a kiran sunansa, kuma ba a tambayarsa sunansa kai tsaye. A tambayi wani a gefe. Dattijo "Baaba", dattijuwa "Daada" ko "Inna". Wanda ya ɗan girme ka "Hamma", wadda ta ɗan girme ka "Adda". "Kaawu" da "goggo" da "bappa" kun riga kun san su, don kawu da gwaggo da baffa na Hausa daga Fulatanci aka aro su. Maigida "baaba saare", uwargida "daada saare". Malami "Moodibbo". Mai unguwa ko mai ƙauye "Jawro", shugaban makiyaya "Arɗo", sarki kuma "Laamiiɗo", wanda ake ce wa "Barkaama" kamar yadda muke cewa ranka ya daɗe.

Shawararmu ga duk iyalin da suka sauka a unguwa ko ƙauye: cikin kwanakin farko maigida, ko uwar da ke riƙe da gidan, su je su gai da Jawro. Ba sai da wata buƙata ba. Ranar da akuya ta shiga gona ko yara suka yi faɗa, wurinsa za a fara kai magana, kuma gara ya zama ya taɓa ganin fuskarku cikin lumana.

Akwai kalmar "kaaɗo", jam'inta "haaɓe", da ake kiran wanda ba Bafulatani ba. Za ku ji ta. Wani da wasa yake faɗa, wani da gatse. Ku dai kada ku kira kowa da ita.

Faɗin suna da inda aka fito

"Noy innde maa?" yaya sunanka. Amsa: "Innde am", sannan sunan. "Diga toy a wari?" daga ina ka zo. Amsa: "Mi wari diga", sannan sunan wurin. "Mi koɗo", ni baƙo ne ko baƙuwa, "min hoɓɓe", mu baƙi ne. Wajen nuna iyali ana amfani da "ndaa", wato ga: "ndaa debbo am", ga matata, "ndaa gorko am", ga mijina, "ndaa ɓikkon am", ga yarana. Ga misali a bakin famfo, tsakanin baƙuwa da dattijuwar unguwa. Ku karanta shi mutum biyu biyu, kowa ya sa nasa sunan.

Baƙuwa: Salaamu aleykum. Sannu Daada, on mbaali jam na?
Dattijuwa: Jam koo ɗume. Jaɓɓaama. Noy comri?
Baƙuwa: Comri walaa. Noy saare?
Dattijuwa: Jam. Noy innde maa?
Baƙuwa: Innde am Hawwa. Mi koɗo.
Dattijuwa: Diga toy a wari?
Baƙuwa: Mi wari diga Naajeeriya. Mi ɗon nana Fulfulde seɗɗa seɗɗa.
Dattijuwa: Boɗɗum. Allah hokku en jam.
Baƙuwa: Aamiina. Useko, sey yeeso.

"Mi ɗon nana Fulfulde seɗɗa seɗɗa" na nufin ina jin Fulatanci kaɗan kaɗan. "Boɗɗum", da kyau. "Allah hokku en jam", Allah ya ba mu lafiya. Fulatanci yana da "mu" iri biyu: "min", mu ban da kai, da "en", mu har da kai. Dattijuwar da ta ce "en" ta saka baƙuwar a cikin addu'arta.

Ku lura baƙuwar ta ce Najeriya ta tsaya. Ba ta faɗi ƙauyensu ba, ba ta faɗi inda mijinta yake ba, ba ta faɗi abin da ya koro su ba. Ladabi bai wajabta muku bayyana wa duk wanda kuka haɗu da shi a tasha ko kasuwa tarihinku ba. Yawancin masu tambaya da zuciya ɗaya suke yi, amma labari yana tafiya, iyaka kuma ba ta da nisa daga nan. Wanda ya matsa da tambaya, "mi koɗo" da "sey yeeso" sun ishe shi.

Kalmomi uku masu kayar da Bahaushe

Ta farko "ooho". A Hausa, wanda ya ce "oho" yana nufin ban sani ba, ko ba ruwana. A Fulatancin Adamawa "ooho" na nufin e. Idan kika tambayi maƙwabciya ko ta ga yaronki ta ce "ooho", ba wulaƙanci ta yi miki ba, cewa ta yi ta gan shi, sai ki tsaya ki ji sauran. Haɗarin ya fi girma idan aka juya. Ma'aikaci mai jin Fulatanci ya tambaye ka ko ɗan'uwanka ya rasu, ko kuna so a mayar da ku wani wuri, kai kuma ka ce "oho" kana nufin ba ka sani ba, shi e ya ji, e zai rubuta. Muna roƙonku ku cire "oho" daga bakinku a duk inda ake riƙe da biro. Ban sani ba shi ne "mi anndaa". Ban gane ba, "mi faamaay". A'a kuma "aa'a" ne, ko "kay" idan da ƙarfi. Haka "to" ɗinmu ta ladabi, wadda muke faɗa don kawai mun ji ana magana, ita ma sau da yawa amincewa ake ɗaukarta.

Ta biyu "jam" kanta. An koya mana tun muna yara cewa ko mutum yana kwance, aka gaishe shi lafiya zai ce. A asibiti kuma ma'aikaciya na iya cewa "jam ɓanndu na?" tana nufin tambaya ta gaske, layi na jiranta a waje. Uwa ta ce "jam" sau uku, sai a ɗauka abin bai yi tsanani ba. A amsa gaisuwa sau ɗaya, sannan a faɗi ciwo: "ɓinngel am nyawi", yarona ba shi da lafiya. "Hoore am ɗon naawa", kaina yana ciwo. "Reedu am ɗon naawa", cikina yana ciwo. A nuna wurin da hannu. Haka ma a ofishinmu. Idan jami'ar kariya ta tambaya ko lafiya kuke zaune inda kuke, ba gaisuwa take yi ba.

Ta uku "noy". Mun ce yaya take nufi, amma tana kuma nufin nawa. "Noy ɓikkon?" gaisuwa ce, amsarta jam. "Ɓikkon maa noy?" kuwa yaranki nawa ake tambaya, amsarta lamba ce. "Duuɓi maa noy?" shekarunka nawa. Dabarar ita ce, idan "noy" ta zo a farko galibi gaisuwa ce, idan ta biyo bayan abin da ake magana a kai ƙidaya ake so. Ga ɗaya zuwa biyar: go'o, ɗiɗi, tati, nay, jowi. Goma "sappo". Kafin ku iya sauran, ku ɗaga yatsu.

Kunya a gaban mai rajista

A nan Hausawa da Fulani ba su da bambanci. Abin da muke kira kunya su "semteende" suke cewa, kuma sun fi mu tsanantawa. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ma ba ta saka shi cikin lissafi. A unguwa wannan mutunci ne, ba mu ce ku bari ba. Amma takardar rajista ba ta san kunya ba. Yaron da ba a ambata ba babu shi a katin iyali, babu rabonsa, kuma idan ya ɓace a hanya babu sunan da za a neme shi da shi.

Akwai hanyar da za a tsare kunyar kuma a ba da sunan. A sa wani ya rubuta shi a takarda tun daga gida a miƙa. A zo da ƙanwa ko maƙwabciyar da aka yarda da ita ta faɗa. Ko a gaya mana mu tafintoci cewa sunan na kunya ne, mun san yadda za mu tambaya. Za a kuma tambayi sunan mahaifiya, ko da mutum ya yi furfura, don takardun Kamaru suna da gurbin sunan uba da na uwa.

Yaran riƙo ma a faɗe su yadda suke. A Hausa ɗan wanka ɗanka ne, kuma haka ne a zuciya. Amma idan aka rubuta shi a matsayin wanda ka haifa, ranar da uwarsa ta bayyana a Minawao ko a wani gari tana nemansa, takarda za ta ce ba nata ba ne. A ce "ɗan yayana ne, ni nake riƙonsa". Ba za a raba ku don kun faɗi haka ba, yaron da ba ya tare da iyayensa ma ƙarin kulawa ake ba shi.

Faransanci na ofis da shingen hanya

Kamaru tana da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi, amma a yankin Adamawa da Faransanci ake aikin ofis. Jandarma ko ɗan sandan da ke shinge mai yiwuwa daga kudu aka turo shi, ba ya jin Fulatanci ba ya jin Hausa. Ga abin da zai ishe ku. Mun rubuta yadda yake a takarda, sannan yadda ake furtawa.

Bonjour, a ce bonjur: gaisuwar safe da rana. Ga mai kaki akan ce "bonjur shef".
Bonsoir, a ce bonswar: gaisuwar yamma.
Je m'appelle, a ce je mapel: sunana.
Voici ma carte, a ce vwasi ma kart: ga katina.
Je ne comprends pas, a ce je ne kompran pa: ban gane ba.
Je parle haoussa, a ce je parl awusa: Hausa nake ji.
S'il vous plaît, a ce sil vu ple: don Allah.
Merci, a ce mersi: na gode.

E shi ne "oui", a ce wi. A'a "non". Abin dariyar shi ne kalmar suna, "nom", ita ma "non" ake furta ta. Idan ma'aikaci ya ɗago kai ya ce "non?" da biro a hannu, ba korarku yake yi ba, sunanku yake tambaya.

Hausa tana kiran kowa ɗan gudun hijira, amma doka ta raba. Wanda ya tsallako iyaka daga wata ƙasa "réfugié" ne, a ce refijiye. Ɗan Kamaru da rikici ya koro daga garinsa, kamar 'yan'uwanmu da suka baro yankin Arewa maso Yamma, "déplacé" ne, a ce deplase, kuma shi ɗan ƙasa ne da katinsa na ɗan ƙasa. Kada ɗaya ya ari sunan ɗaya. Dokar Kamaru mai lamba 2005/006 ta 27 ga Yuli 2005 ita ce ta tsara matsayin refijiye, ta ba shi haƙƙin takardun shaida da karatu da aiki da zirga-zirga. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma a nan HCR ake kiranta, a furta ash-se-er. Rajistarta da katinta kyauta ne, ba a biyan ko sisi.

Sunanka a rubutun Faransanci

Wannan shi ne abin da ya fi cin lokacinmu a ofis. Mai rubuta Faransanci yana rubuta u da ou, j da dj, sh da ch, c da tch, s kuma a tsakanin wasula biyu sai ya ninka ta. Shi ya sa allon hanya ke cewa Garoua da Maroua, Hausa ta zama haoussa. Musa zai koma Moussa, Hauwa ta koma Haoua. Idan marubucin kuma Bafulatani ne, da kunnen Fulatanci zai ji sunan: Zainab ta fito Djenabou, A'isha ta fito Aïssatou, Usman ya fito Ousmanou, Shu'aibu ya fito Souaibou. Babu wanda ya yi mugunta, kowa ya rubuta abin da ya ji. Amma yarinyar da take Zainab a katin iyali, Djenabou a rajistar makaranta, Abu a katin asibiti don haka ake kiranta a gida, a idon hukuma mutum uku ce. Ranar jarrabawa ko ranar neman takardar haihuwa abin yake fitowa, gyaransa kuma yana ɗaukar lokaci.

Maganinsa kada ku faɗi suna da baki inda za ku iya nuna shi a rubuce. Ku miƙa kati ku ce "ndaa ɗereewol am", ga takardata, "useni winndu bana nii", don Allah rubuta kamar haka. Da Faransanci: "Copiez le nom, s'il vous plaît", a ce kopiye le non sil vu ple. Sunan da ke kan takardarku ta farko, shi za ku bi ko'ina, ko da rubutunsa bai yi muku daɗi ba. Idan kuskure ne na gaske, a kawo ofis a gyara shi a tushe, kada a gyara da biro a gida. Laƙabi irin su Ladi da Tanko da Auta a bar su a tsakar gida, sai in su ne a katin.

Fom yakan raba "nom" da "prénom". Na farko sunan iyali ne ko na uba, shi ake fara rubutawa, na biyu sunan yanka. Ku duba yadda aka jera su a katinku ku riƙe wannan jerin. Wanda bai san ranar haihuwarsa ba kuma kada ya ƙirƙira. Akan rubuta masa 1 ga Janairu na shekarar da aka kimanta. Daga ranar, wannan ita ce amsarsa a duk inda aka tambaya.

Inda ɗan abin da kuka koya zai tsaya

Wanda ya yi gaisuwa da kyau, nan take ake ɗauka ya iya harshen, sai a sako masa magana da gudu. Kunya kuma ta hana shi cewa bai gane ba, ya yi ta gyaɗa kai. A kasuwa asarar ba ta wuce ta tumatir ba. A wurin jandarma, ko kotu, ko asibiti, ko hirar da za a rubuta tarihinku, ku yi gaisuwa da harshensu, sannan ku koma harshen da kuka fi iyawa. Ku ce "mi nanataa Fulfulde", ba na jin Fulatanci, "mi yiɗi nantinoowo", ina son tafinta. Da Faransanci: "Je veux un interprète", a ce je ve an anterpret. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba a karanta muku da harshen da kuke ji ba.

Mun san yaranku sun riga ku kama harshen, wata uku a makaranta sun fara yi muku ciniki. A kasuwa ku bar su su yi. Amma kada a sa yaro ya fassara maganar duka, ko ta fyaɗe, ko ta yadda aka kashe wani a gabansa. Nauyin ya fi ƙarfinsa, kuma uwa ba za ta faɗi komai a gaban ɗanta ba. Mace tana da damar cewa mace take so ta yi mata tafinta. Idan tafintan da aka kawo ɗan garinku ne kuma ba ku sake da shi ba, ku ce a canza, ba za mu ji haushi ba. Abin da aka faɗa a ɗakin hira amana ce a wuyanmu, ba ya fita.

Kafin fitowa ta gaba, kowane gida ya gwada hirar bakin famfo da maƙwabci na gaske, kuma a fito da katin iyali a sa mai karatu ya karanta wa kowa yadda aka rubuta sunansa da shekararsa. Wanda ya ga abin da bai yi daidai ba ya zo da katin ofishin kariya. Darasi na gaba a kan ƙidaya ne da kuɗin kasuwa. A nan za mu yi bayanin "booro", wadda ma'anarta jaka, amma sefa 1,000 take nufi, ba naira 200 da mutanen Najeriya suka saba kira jaka ba.